Mu Daina Sakin Aladu Da Rani

Akwai wata al'ada da muka gada a ƙauyukanmu na Kudancin Kaduna da Filato da maƙwabtansu, wadda muke so mu yi magana a kanta tun ba a gama girbi ba. Da damina kowa yakan ɗaure aladensa a turke ko ya kulle shi, don kada ya shiga gonar wani. Amma da zarar an yanke dawa an kai rumbu, sai a kwance igiya a ce ya je ya nemi abincinsa. Daga nan har saukar ruwan fari alade yana yawo a gari, mai shi kuwa yana murna wai kiwo ba ya cin masa ko kwabo.

Mu dai ra'ayinmu shi ne wannan al'ada ta gama amfaninta, lokaci ya yi da za mu bar ta. Alade ya zauna a ɗakinsa shekara duka, kashinsa ya tafi lambu, abin da lambu ya rage kuma ya komo wurin alade. Mun san maganar ba za ta yi wa kowa daɗi ba, gama ciyar da alade a kulle aiki ne, kuɗi ne kuma. Za mu faɗi dalilanmu, mu faɗi wuyar abin ba ɓoye-ɓoye, sa'an nan mu bi shekara daga damina zuwa bazara mu ga yadda ƙaramin manomi zai iya.

Abin da muka gani a bakin rafi

Bara waccan, cikin watan Janairu, mun je wani ƙauye da muke zagayawa. Akwai wata gwauruwa da ke da lambu a bakin rafi, fangali 12 na kabeji da tumatir. Tun watan Oktoba take ban ruwa da bokiti safe da yamma, ita da 'ya'yanta, da niyyar ta biya kuɗin makaranta da abin da za ta samu. Saura mako 2 ta fara yankan kabeji, wata uwar aladu da 'ya'yanta suka fasa shingen kara da dare. Kafin gari ya waye sun tumɓuke fiye da rabi. Mai aladun ba baƙuwa ba ce, matar ƙanen mijinta ce. Aka kai magana gaban mai unguwa, aka biya ta abin da bai kai kuɗin iri ba. Har yau matan nan biyu ba su gaisawa.

Da muka koma bana, gwauruwar ba ta yi lambu ba. Wasu mutum 3 da ke kusa da ita su ma sun bari. Suka ce mana, "Malam, mu yi wa aladen wa noma?" Rafi yana nan da ruwansa, ƙasa tana nan, amma babu ganye ko ɗaya. Wannan ita ce hasarar da ba a kai wa mai unguwa: lambun da ba a shuka ba saboda tsoro.

Ba muna zagin iyayenmu ba ne. A zamaninsu ƙauye bai cika ba, gonaki suna zaman banza da rani, masu lambu kaɗan ne, manyan motoci ba su yawo da aladu daga jiha zuwa jiha. Sakin alade a lokacin bai cuci kowa sosai ba. Yanzu kuwa bakin kowane rafi da fadama da tsohon ramin kuza ya zama wurin neman abinci. Zamani ya sake, dole kiwo ya sake.

Annobar da ba ta da magani

Dalili na biyu shi ne zazzaɓin aladu na Afirka. An fara gane wannan cuta a ƙasar Kenya a 1921. Ta ɓarke a Nijeriya a 1997 ta wajen Legas da Ogun, daga can ta bazu zuwa sauran jihohi, ba ta kuwa bar ƙasar nan ba tun daga lokacin. A 2020 ta shiga babbar gonar aladu ta Oke-Aro da ke kan iyakar Legas da Ogun, ta kashe aladu dubbai. Ko ƙasar Sin, wadda ta fi kowace ƙasa yawan aladu, da cutar ta shiga a 2018 ta yi mata ɓarna mai yawa. In manyan masu kiwo da likitocinsu ba su tsira ba, ina ga mai alade 3 da ke yawo a juji?

Cutar ba ta kama mutum, amma ga alade ba ta da magani. Alamunta su ne zazzaɓi mai zafi, ƙin cin abinci, kunnuwa da ciki su yi ja ko su yi duhu, aladu su taru wuri ɗaya suna kwance, sa'an nan su fara mutuwa cikin 'yan kwanaki. Ƙwayar cutar tana da wuyar mutuwa. Takan daɗe watanni a cikin nama. Tana bin takalmin mutum, da tayar mota, da wuƙar mahauci, da ruwan da aka wanke nama. Alade mai yawo yana cin kayan ciki da aka zubar a bayan mahauta, yana shaƙar hancin kowane alade a gari, da yamma kuma ya kawo wa 'yan'uwansa abin da ya kwaso.

Kulle alade ba ya hana cuta ɗungum, amma yana rufe mata ƙofofi da yawa, ya bar maka kaɗan waɗanda za ka iya tsarewa. Kada mai saye ya shiga ɗakin aladunka, gama kafin ya zo wurinka ya shiga ɗaki goma. Fito masa da wanda za ka sayar. Ajiye takalmi ɗaya na shiga ɗakin aladu kaɗai. In ka sayo sabon alade, ko daga kasuwar Kafanchan ne ko daga maƙwabci, ware shi dabam kwana 30 kafin ka haɗa shi da naka. Sauran abinci daga gidan biki ko gidan sayar da abinci, a tafasa shi rabin awa a ƙalla kafin a ba su.

In kuwa aladu suka fara mutuwa a gari, mun san abin da aka saba yi. Kowa yakan yi maza ya yanka ko ya kai kasuwa da araha don ya rage hasara. Ta haka ne cutar ƙauye ɗaya take zama ta ƙaramar hukuma duka. Abin da ya kamata shi ne a gaya wa likitan dabbobi nan da nan. Ana iya gwada jinin a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom, kusa da Jos. Gawar kuma a haƙa rami mai zurfi a binne ta, kada a jefa a rafi ko a daji.

Tsila da farfaɗiya

Dalili na uku ya shafi lafiyar 'ya'yanmu. Kowa ya san abin da alade mai yawo yake ci a bayan gari inda babu masai. In mai tsila a cikinsa ya yi bayan gida a fili, alade ya ci, ƙwan tsilar yakan shiga naman aladen ya zama wasu fararen ƙwayoyi kamar tsabar shinkafa. Mahauta sun san su, shi ya sa mai saye yakan buɗe bakin alade ya duba ƙarƙashin harshe kafin ya taya. Wanda ya ci irin wannan nama bai dahu sosai ba, tsila ta tsiro a cikinsa, shi kuma ya ci gaba da zubar da ƙwai.

Ga inda abin ya fi muni. In ƙwan tsila daga bayan gidan mutum ya shiga bakin wani ta hannu mai datti, ko ruwa, ko ɗanyen ganye, ƙwayoyin nan suna iya zama a cikin ƙwaƙwalwarsa su kawo farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wurare da yawa inda wannan tsutsa ta yi yawa, kusan mutum 3 cikin 10 masu farfaɗiya ita ce sanadin ciwonsu. Ko wanda bai taɓa sa naman alade a baki ba yana iya kamuwa. Yara nawa ne aka ce iska ce ta taɓa su, ko aka zargi wata tsohuwa da maita saboda su, alhali kuwa abin daga bayan gari ya fito? Maganin a hannunmu yake: masai a kowane gida, alade a ɗaki, nama ya dahu har ciki, a wanke hannu da sabulu.

Maƙwabci

Dalili na huɗu gajere ne. A garuruwanmu da yawa muna zama tare da 'yan'uwa Musulmi waɗanda addininsu ya haramta musu alade. Rijiya ɗaya muke sha, kasuwa ɗaya muke ci. Halak ne a gare mu mu yi kiwonmu, amma ba daidai ba ne dabbarmu ta shiga tsakar gidan wanda yake ƙyamarta, ko ta yi birgima a bakin rijiyar da kowa yake ɗiba. Mun sha ganin ƙaramar magana ta zama babba a wannan yanki. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, kuma katangar ɗakin alade ta fi araha a kan abin da fitina take ci.

Takin da muke zubarwa

Dalili na biyar shi ne wanda ya haɗa alade da lambu. Tun 2022 kuɗin takin zamani ya yi tashin da ya sa manoma da yawa suka rage gona. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, ban ruwa da inji ma ya ƙara tsada. Duk da haka muna barin alade ya watsa kashinsa a hanya da bayan gari wata 5 ko 6 kowace shekara, rana ta ƙone shi, ruwan fari ya kwashe shi zuwa rafin da muke sha. Alade a kulle kuwa kowace safiya yana ajiye maka taki wuri ɗaya. Takin dabba ba ya aiki da sauri kamar na buhu, amma yana yin abin da na buhu ba ya yi: yana sa ƙasa ta yi laushi ta riƙe ruwa, har mai lambu ya rage yawan ban ruwa.

Sai dai a kula, ɗanyen kashin alade ba ya zuwa lambu kai tsaye. Yana ƙone ƙananan shuke-shuke, yana kuma ɗauke da ƙwan tsutsar ciki. A haƙa rami biyu kusa da ɗakin aladu. A riƙa zuba kashi da shimfiɗar da ta jiƙe da fitsari, a bi da ciyawa ko yankakken kara ko ƙaiƙayi, hawa-hawa. A yayyafa ruwa in ya bushe, a rufe shi daga rana da ruwan sama, a juya shi sau ɗaya a wata. In ka sa hannu a ciki ka ji zafi, aiki yana tafiya. Bayan wata 3 zuwa 4 zai yi baƙi, wari ya tafi, ya zama kamar ƙasar kurmi. In rami ɗaya ya cika, sai a bar shi ya nuna, a koma na biyu.

Akwai wata magana da ba za mu tsallake ba. Wasu masu sayen kayan lambunmu ba za su so abin da aka noma da takin alade ba. Kada mu ruɗe su. In an tambaye ka, faɗi gaskiya. In kasuwarka ta irin waɗannan masu saye ce, kai takin alade gonar masara da lambun gida, ka sa na awaki da kaji da shanu a fangalin kasuwa. Ba ka yi hasarar komai ba.

"To, me za mu ba su?"

Wannan ita ce tambayar da ake yi mana a kowane taro, tambaya ce ta gaskiya kuwa. Alade ba saniya ba ne. Cikinsa irin na mutum ne, ba ya tuƙa, ba zai yi ƙiba da ganye kaɗai ba. Uwar aladu mai kyau takan ci kusan buhu 10 na kilo 100 a shekara. Ɗan alade kuma, daga yaye zuwa kasuwa, yakan ci kamar kilo 250 zuwa 300. Wanda ya gaya maka ganyen lambu zai ishe su, bai taɓa kiwo ba.

Saboda haka amsarmu ita ce: rage yawa. Kada ka ƙirga aladunka da abin da kake da shi a watan Nuwamba lokacin da dusa take ko'ina. Ƙirga su da abin da za ka iya ba su a watan Yuni da Yuli, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Ga ƙaramin gida, uwa ɗaya mai kyau ta isa farawa. Alade 2 masu ƙoshi da suka kai kasuwa a wata 8 sun fi 10 ramammu da suka shekara biyu suna yawo, rabinsu kuma mota ta buge, ko ɓarawo ya ɗauke, ko mai lambu ya sare. Mai sakin alade yana cewa kiwonsa kyauta ne domin bai taɓa zama ya lissafta waɗanda suka ɓace ba.

Wasu kuma sukan ce, in an kulle mace ina za ta sami namiji? A yawo takan samu kyauta, gaskiya ne, amma sau da yawa ubanta ne ko ɗan'uwanta, shi ya sa 'ya'yan suke fitowa ƙanana marasa ƙarfi. Gidaje 5 ko 6 da suka yarda su kulle nasu suna iya haɗa kuɗi su ajiye namiji ɗaya mai kyau, wanda ba ya zuwa ko'ina sai cikinsu, su sake shi da wani kafin 'ya'yansa mata su isa barbara.

Magana ta ƙarshe a nan ta maza ce. A gidaje da yawa aladu na mata ne. In aka kulle su, ɗiban ruwa da share ɗaki da neman dusa duk a kan mace za su faɗa. Uwa mai shayarwa takan sha jarka ɗaya mai lita 20 a rana, ko fiye in ana zafi. In maigida yana sa ran cin moriyar kuɗin alade ranar Kirsimeti, to, ya gina ɗakin, ya haƙa ramin taki, ya sa samarin gida su ɗebo ruwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ɗakin alade

Ba lalle sai da bulo da kwano ba. Tubalin ƙasa ya isa, in an shafe cikinsa da siminti daga ƙasa zuwa ƙugu don kada alade ya tone. Inda akwai dutse, a yi daɓe da dutse a cike tsakaninsa da siminti. Daɓen ya ɗan gangara, domin fitsari ya bi ƙaramar hanya zuwa ramin taki. Ɗaki mai ƙafa 8 da ƙafa 10 ya ishi uwa da 'ya'yanta. A rufe rabi da jinka saboda inuwa, a bar rabi a buɗe don iska. A gina shi ƙasa da rijiya, ba sama da ita ba, da nisan mita 30 a ƙalla, a kuma duba inda iska take kaɗawa don kada wari ya dami maƙwabci.

Damina

Ciki na alade kwana 114 ne, wato wata 3, mako 3, kwana 3. Wanda ya san wannan lissafi shi ne yake zaɓa wa kansa lokacin haihuwa. In aka yi wa uwa barbara a tsakiyar Janairu, za ta haihu wajen 9 ga Mayu, lokacin da zafi ya karye, ruwa ya samu, ganye ya fara fitowa. A kwana 3 na fari a nemi ma'aikacin dabbobi ya yi wa 'ya'yan allurar ƙarin jini, gama nonon uwa ba shi da isasshen sinadarin ƙarfe, kuma a daɓen siminti ba su samun ƙasar da za su lasa. A yaye su a mako 8. Bayan yaye da kamar mako ɗaya uwar takan nemi namiji. In ba ta ɗauka ba, za ta sake nema bayan kwana 21.

A lambun gida kuwa, takin da ya nuna tun rani ya shiga kunyar kuɓewa, alayyafo, yakuwa, rama, gauta da kabewa. Muna roƙon kowane mai alade ya ware kunya kaɗan ya dasa dankalin Hausa. Ganyensa yana cikin ganyayen da suka fi amfani ga alade, ana yanka yana sake tohowa, ƙananan 'ya'yansa da ba su kai kasuwa ba kuma abinci ne. A ware wani gefen gona kuma don waken suya. Shi ne zai gina jikin aladen, yana kuma gyara ƙasa saboda masarar baɗi.

Kaka

Wannan ne lokacin ƙiba da lokacin tanadi. Dusar masara da ta dawa da ta shinkafa sun yi araha. Ga 'yan aladen Mayu, a haɗa mudu 4 na dusa da tsakin masara da mudu 1 na waken suya, da ɗan gishiri da garin ƙashi, a ba su sau biyu a rana, ganye kuma a tsakani. Waken suya lalle a soya shi ko a dafa, gama ɗanyensa yana hana abinci narkewa. Ɓawon rogo a shanya shi ya bushe sarai, ɗanyensa yana da dafi. Masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna kada a ce ai alade ne zai ci. Dafin da ke cikinta yana lalata hanta, yana hana girma. Kafin ka sayar da hatsi, ware buhunan da za su kai aladunka har sabuwar kaka, ka ajiye su wuri mai bushewa.

A watan Satumba da Oktoba ne ake rainon irin tumatir, attarugu, kabeji da albasa. Takin da aka tara tun farkon damina ya nuna daidai lokacin gyaran fangali. Kada ka zuba ƙarfinka duka a kan tumatir. Waɗanda suka yi noma a 2016 ba su manta da tsutsar nan da ta cinye tumatir a Kaduna da Kano da sauran jihohin Arewa ba. Raba fangalinka: wasu kabeji, wasu karas ko albasa, wasu ganye mai saurin fitowa kamar alayyafo da latas. Tumatir, barkono, gauta da dankalin Turawa dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya, kada ɗaya ya bi bayan ɗaya a fangali guda.

Hunturu

Uwar da aka yi wa barbara a tsakiyar Yuli za ta haihu a farkon Nuwamba, iskar hunturu tana tafe. Sanyi yana kashe jariran aladu, sukan kuma matsa jikin uwa don ɗumi har ta danne su. A toshe gefen da iska take shigowa da zana, a zuba busasshiyar ciyawa, a kafa katako a kusurwa ɗaya yadda 'ya'yan za su iya shiga ƙarƙashi amma uwar ba za ta iya ba.

'Yan Mayu sun haura wata 7 a lokacin Kirsimeti, lokacin da nama yake tsada. A sayar. 'Yan Nuwamba kuwa shawararmu ita ce a sayar da yawancinsu da zarar an yaye su a Janairu, daidai lokacin komawa makaranta, kada a ja su cikin bazara. A wannan lokaci lambu yana bayarwa: ganyen waje na kabeji, ganyen karas, fasasshen tumatir, latas da ya wuce kasuwa, duk na alade ne. Amma kada a ba shi ganyen tumatir ko na dankalin Turawa. Abin da aka yi wa feshin magani kuma sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar sun cika, ga mutum da dabba duka.

Bazara

Nan ne gwaji yake. Rafi ya ja baya, dusa ta yi tsada, zafi ya tsananta. Alade ba ya gumi kamar mutum, zafi yana iya kashe shi cikin yini ɗaya. Kada kwaminsa ya bushe. A yayyafa masa ruwa da tsakar rana, a ba shi abinci da sassafe da kuma bayan la'asar. Wanda ya bi lissafin da muka kawo, a wannan lokaci uwa ɗaya ce kawai a ɗakinsa, da ɗa ɗaya ko biyu, nauyin bai fi ƙarfinsa ba. Ɗakin da babu kowa a ciki a wanke shi, a bar rana ta gasa shi. A ba uwar maganin tsutsar ciki da na ƙazuwa bisa shawarar ma'aikacin dabbobi kafin ta haihu. A kwashe takin kaka da na hunturu zuwa gonar masara kafin ruwan fari.

Abin da muke roƙo

Mutum ɗaya ba zai iya wannan shi kaɗai ba. In ka kulle naka amma na maƙwabci yana zagaya katangarka, rabin aiki ka yi. Saboda haka muna roƙon ƙungiyoyin manoma da zumuntar mata da ta matasa su sa wannan magana a taronsu na wannan wata. A je wurin dagaci da masu unguwa a nemi a yi yarjejeniya ta gari, amma kada a fara da tara. A ba mutane wa'adi na wata 3, a yi gayya a gina wa gwauraye da tsofaffi nasu ɗakin tukuna, a haƙa masai inda babu, sa'an nan a sa doka. Dokar da ta zo kafin taimako, talaka kaɗai take kamawa.

Mu ma'aikatan gona a shirye muke mu zo mu auna ɗaki tare da ku, mu nuna yadda ake haɗa rami da abinci. Ku aiko mana ta hannun shugaban ƙungiyarku. Wanda kuma ya riga ya gwada kulle aladu shekara duka, ya rubuto mana abin da ya samu da abin da ya ba shi wuya, domin sauran 'yan'uwa su ƙaru. Muna sa zuciya in muka koma ƙauyen nan baɗi, mu tarar da gwauruwar nan a bakin rafi da bokitinta.

Allah ya ba mu kaka mai albarka.